Ku Tambayi Makaniki: CG ɗin Baba da ya shekara uku a zaure

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duka a kan tsofaffin babura suke, irin waɗanda aka daina kawo mana sabbinsu. Na tsamo shida. Masu tambaya kan sabbin babura su yi mini haƙuri sai fita ta gaba. Kamar kullum, in na ce buji, mutanen Jibiya da Katsina su ji fulogi. Mu a Maradi kowane ƙarfe suna biyu gare shi, na Faransanci da na Ingilishi, ya danganta da inda ka sayo shi.

TAMBAYA: Baba makaniki, ina gaisuwa. Mahaifinmu ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar Honda CG 125 ja wanda ya saya tun ba a haife ni ba. Da aka raba gado sai ya faɗo a rabona. Tun ranar da aka kai Baba asibiti yake jingine a zaure, ba wanda ya taɓa shi. Na kira wani mai gyara, ya shura sau biyu bai tashi ba, ya ce injin ya mutu, in sa na China sabo, shi kuma ya ɗauki tsohon a bakin kuɗin aikinsa. Yayyena sun ce in sayar wa ƴan gwangwan in huta. Me ka gani? Ɗanka, daga unguwar Bagalam.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, kafin komai, kada injin nan ya fita daga gidanku. Mutumin da ya ce inji ya mutu, sannan ya roƙi a ba shi gawar a bakin ladansa, ya san abin da ya gani. Ban ce cuta ya nufa ba, amma shuri biyu bai isa a yanke wa CG hukunci ba.

Bari in gaya maka abin da ke jingine a zaurenku. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashe irin su Tailan, Indunusiya, Filifin da Pakistan, su ga yadda talaka ke riƙon babur. Abin da suka tarar, da Maradi suka zo ma shi za su gani: mutum uku huɗu a kan babur ɗaya, baƙin mai ya yi kauri kamar kwalta don ba a juye, matatar iska ta takarda ta cika da ƙasa ta zama kamar tubali, kuma ba mai zuwa wurin gyara sai babur ya ƙi tashi. Baburansu na lokacin, irin su CB, sandar da ke buɗe bawul can saman inji take, inda mai ke isa a ƙarshe. Da mai ya lalace sai ta cinye kan injin. Sai suka koma gida suka zana wani inji domin mutanen da ba su kula da inji. Suka sauko da sandar ƙasa, kusa da inda mai yake kwance, suka sa wasu siraran sanduna biyu suna tura bawul daga can. Suka sa matatar soso wadda ake wankewa a mayar, suka rufe sarƙa a cikin gidanta. A Maris 1975 aka fito da shi a Tailan. A 1976 aka fara ƙera shi a Manaus ta Burazil, har Pele ya yi masa talla. Turai ta daina sayar da shi a 2008, amma Pakistan har gobe tana ƙera shi, kuma da yawa daga cikin baburan China da ƴan kabu-kabu ke ja a garin nan, in ka buɗe cikinsu, zanen CG ne aka kwafa. To ka ga cinikin da aka kawo maka: ka ba da asali, ka cika kuɗi, a ba ka kwafi.

Ni ma ina da shi. Yaran gareji Dattijo suke kiransa. A 1991 na saye shi hannun wani malamin gona da ya yi ritaya, bayan ya gama zagaye ƙauyukan Dakoro da shi, kuma har yau shi ke kai ni masallacin Juma'a.

Ga yadda za ka tashe shi. Daina shurinsa tukuna. Injin da ya shekara uku a tsaye bangon silindarsa ya bushe ƙaƙas, kowane shuri karce ne. Kwance buji, ka zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin, ka bar shi ya kwana. Da safe ka danna kik da hannu, a hankali. In ya juya, toshe ramin bujin da babban yatsa, wani ya shura maka. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, injin na da rai, sauran aikin duk na wanki ne.

Abin da ke cikin tankin ya daina zama fetur tuntuni. Fetur in ya daɗe yakan bushe ya bar danƙo kamar ƙaro, shi ke liƙe ƴan ramukan kafireta. Zubar da shi. Haska tocila cikin tankin, in ka ga tsatsa, zuba ƴan notuna da kananzir ka yi ta girgizawa, ka ɗauraye har sai ya fito fes. Kafireta a warware ta gaba ɗaya a jiƙa. Ƴan ƙusoshin tagullar nan masu rami, waɗanda muke ce wa jiklar, a busa su da iska. In ka ga yaro ya ɗauko allura zai zura, riƙe hannunsa. Allura faɗaɗa ramin take yi, daga nan babur ya koma shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya, kuma ba ya sake saituwa.

Leƙa salansa da akwatin iska kafin ka yi wahalar banza. Abin da ya daɗe a zaure gidan zanzaro ne. Na taɓa shan rabin yini kan wani babur da ya ƙi tashi, wuta akwai, mai akwai, ashe zanzaro ya toshe bakin salansa da ginin laka. Ɓeraye kuma soson matatar iska suke ci.

Sai juye, kuma a nan ne masu gyara da yawa ke yin rabin aiki. A ƙasan injin ta hagu akwai wani babban murfi mai cin sifana 24. Bayansa akwai sifirin, akwai ƴar rariyar waya kamar hular yatsa. Wanke ta. Amma matatar gaske tana gefen dama, bayan murfin kuloci: wani ƙoƙo ne mai juyawa tare da inji, mai na shiga cikinsa, juyin na wurga datti ya manne a bango, kamar yadda tsakuwa ke ware kanta daga gero a faifai. Sukuru uku ke riƙe da murfinsa. Na sha buɗe CG ɗin da ya shekara ashirin ba a taɓa ƙoƙon nan ba, sai ka kankare da wuƙa kamar ƙanzon tuwo. In ya cika, datti wucewa yake kai tsaye cikin inji. Bayan ka wanke, mai wajen lita ɗaya yake sha. Sayi na babur, 20W-50 ya dace da zafinmu, ka duba jikin gwangwanin ko an rubuta JASO MA. Kulocin CG cikin mai yake iyo, wasu man mota sulɓi suke sa shi.

In na farkon nan ne mai filatin, wato ƴan ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa su ba buji wuta, buɗe murfin magineto ka goge bakin filatin da lallausar takardar yashi, ka bar tazararsa tsakanin 0.3 da 0.4 na milimita. A jikin magineton za ka ga harafi biyu. F na saitin wuta ne, T na saitin bawul. Tazarar bawul duka biyun 0.08 na milimita, kuma da sanyin inji ake aunawa, da ma'auni, ba da kunne ba. Kuloci zai iya mannewa saboda zama: sa giya, matse hannun, ka yi ta tura babur gaba da baya har ya saki. Tayoyi da tub ka canza ko da zanensu bai cinye ba, roba ta shekara uku a zafin zaure ta gama. Wayar birkin gaba ma haka.

In bayan duk wannan aka tarar kwankwason injin, wato gangar jikinsa ta ƙasa, ya tsage, ko ruwa ya shiga ya ci ƙugiyar fiston da tsatsa, to sai a yi maganar wani inji. Ko a lokacin, tsohon ka naɗe shi a buhu ka ajiye ƙarƙashin gado.

Yayyenka kuwa kada ka yi musu da su, rabonka ne kuma sun sani. Ranar da ya tashi, hau ka fara zuwa gidan babban wanku ka gaishe shi. Ƙarar injin nan ya girma yana jinta kowace asuba, zai gane ta tun kana kan kwana.

TAMBAYA: Maigida, ni ɗan kabu-kabu ne, ina ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Maradi da ƙauyukan Madarunfa. CG ɗina ya rage ƙarfi, in na shiga yashi da buhu biyu sai ya yi ta nishi. Abokaina sun ce in sa masa silindar 150 ta China zai dawo kamar doki. Na riga na cire akwatin iska don ya ƙara numfashi. In sa? Daga wani yaronka a tashar Madarunfa.

AMSA: Na taɓa sawa, kuma a kan Dattijo na yi, don haka ba labari aka ba ni ba. Fiston ɗin 125 faɗinsa milimita 56.5 ne, na 150 kuwa 62. Gindin sabuwar silindar ya ƙi shiga bakin injin, sai da na kai aka yashe bakin. Abin da aka yashe ba ya komowa. Na sami ƙarfi, ban musa ba. Na kuma sami zafi, don wuta ta ƙaru amma iskar da ke sanyaya ta tana nan yadda take, ga watan Afrilu. Kafireta ta ƙi daidaita, kuloci ya fara sulɓi, kuma birkin nan na ganga da aka yi wa 125 bai san an ƙara ƙarfi ba. Watanni kaɗan na gaji, na nemo wani mataccen CG na kwashe kwankwasonsa na mayar da Dattijo yadda yake. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ƙarfin da kake nema ba ƙari ba ne, naka ne da ya zube, kuma kai da bakinka ka faɗi inda ya zube. Ka cire akwatin iska. A Maradi! Ɗana, shafa yatsanka a kan sirdi da safe a watan Janairu ka ga abin da hunturu ya ajiye cikin dare ɗaya. Wannan ƙurar yashi ce niƙaƙƙiya. Inji na zuƙarta, tana haɗuwa da mai, ta zama irin abin da muke goge bawul da shi. Kowane hawa da saukar fiston wasa ringi take yi. Babur marar matata a hanyar Madarunfa ba ya buƙatar shekara, damina ɗaya da rani ɗaya sun ishe shi. Ƙarar da kake ji ta ƙaru ka ɗauka ƙarfi ne, kukan zuƙar iska ne kawai. A cikin injinan da na buɗe tsawon aikina, waɗanda tsufa ya kashe ba su kai waɗanda ƙura ta kashe ba, ko kusa.

Mayar da akwatin yau. Soson a wanke da kananzir, a shanya a inuwa, a ɗiga masa baƙin mai a matse har ya zama damshi kawai. Busasshen soso ƙura ratsa shi take yi, man ne ke kama ta. Lokacin hunturu, mai aiki irin naka kowane mako ya kamata ya wanke. Duba kuma robar da ta haɗa akwatin da kafireta, lanƙwasa ta ka gani. In ta tsage, matatar ado ce.

Daga nan a auna bawul, don bawul in ya matse ƙarfi gudu yake da zarar inji ya ɗau zafi. A duba kuloci: in ka murɗa, ƙara ta hau amma gudu bai hau ba, faifansa ne ya cinye, kuma ba shi da tsada. In ana ganin hayaƙi shuɗi kuma mai na raguwa, ringi ne. Silindar asali rai huɗu gare ta bayan na farko, don ana yashe ta a sa fiston mai ƙarin milimita 0.25, sai 0.50, sai 0.75, sai 1.00. Kada ka yarda a tsallaka da kai zuwa na ƙarshe don shi ne ke akwai a shago. Bayan an yashe, kilomita ɗari biyar na farko ka bi shi a hankali, ban da buhu biyu.

Maganar yashi kuwa, maganinta mai araha ne. Pinyo, wato ƙaramin faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa daga inji, sa wanda ya gaza naka da haƙori ɗaya. Za ka rasa ɗan gudu a kan kwalta, ka sami ja a cikin yashi. Kuma ranar da ka gaji da shi, minti goma ya isa a mayar da tsohon. Irin wannan canjin nake so, wanda ake iya komawa baya.

Man kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa, na san ba za ka daina sha ba. To sa ƴar matatar fetur a tiyo, ka ɗaga kwalba ka kalli gindinta a rana kafin a juye maka, kuma kowace Juma'a ka kwance sukurun ƙasan kafireta ruwan da ya kwanta ya fita.

TAMBAYA: Malam, ni malamin lakwal ne a wani ƙauye bayan Tibiri, sau da yawa da dare nake komowa. Fitilar CG ɗina kamar aci-balbal, kuma ƙwai na yawan ƙonewa. Batir ya mutu tun bara ban saya ba tunda yana tashi ba shi. Ina son fitilar zamani mai farin haske da wurin cajin waya. Zai yiwu?

AMSA: Zai yiwu, Malam, kuma wannan na cikin canje-canjen da nake goyon baya, don jaki da amalanke ba su da fitilar baya. Amma ka fara sanin dalilin ƙonewar ƙwan. Tsohon CG bolt 6 ne, kuma wutar buji daga magineto take zuwa kai tsaye, shi ya sa yake tashi ba batir. Sai dai a irin wannan tsarin batir ne ke shanye rarar wuta in inji ya ɗau gudu. Da ka bar shi ya mutu, rarar ta rasa wurin zuwa sai cikin ƙwai. In kuɗi sun yi kaɗan a wannan wata, batir mai bolt 6 kaɗai zai tsayar da ƙonewar. Ka kuma kankare inda wayar ƙasa ta kama jikin firam, tsatsar wurin na cinye rabin haske.

Fitilar zamani da cajin waya kuwa sai an koma bolt 12, kuma ba ƙwai kaɗai ake canzawa ba. Sai an sake naɗa kwayil ɗin fitila na cikin magineto ko a sa na 12, a sa regileta mai daidaita wuta ta kuma miƙe ta, a sa batir na 12, a canza ƙwai duka har na sigina da na mita, da oda, da ɗan abin da ke sa sigina ƙiftawa. Farar fitilar da cajar daga batir za a ja su, a sa fiyus a tsakani. Wanda ya jona su kai tsaye da wutar magineto, fitila za ta yi ta rawa, waya kuma ya yi mata ta'aziyya.

Za a ce maka tunda an buɗe, a cire filatin a sa CDI gaba ɗaya, wato ɗan akwatin lantarki da ke ba buji wuta a madadinsa. CDI na da daɗi, ba saiti, tashi ɗaya. Amma sai an canza magineto da kwayiloli duka, kuma ba kowane magineton China ke zama daidai kan sandar tsohon inji ba, don haka a gwada a gabanka kafin ka biya. Ni dai Dattijo na mayar da fitilarsa 12 na bar masa filatin. In filatin ya yi gardama a daji, takardar yashi da sukurdireba sun fitar da ni. Akwatin CDI in ya mutu tsakanin Tibiri da ƙauyenku ƙarfe tara na dare, sai turi. Duk abin da aka cire, karɓi kayanka ka tafi da su gida.

TAMBAYA: Malam, ina yini. Ina aiki a wani asibitin unguwa, da Yamaha Mate nake zuwa, wanda maigidana ya saya mini hannu na biyu. Hayaƙinsa ya yi yawa har hijabina na wari, kuma ya daina gudu. Mai gyara ya ce a kashe famfon mai in riƙa haɗawa a tanki. Ina jin tsoro. Daga ƴar'uwarka a unguwar Zariya.

AMSA: Lafiya lau, Malama, kuma tsoronki na kan hanya. Mate irin naki ba kamar CG ba ne. Injinsa ƙone mai yake tare da fetur, da haka yake samun santsi. Tun 1964 Yamaha ta fito da famfon da ta kira Autolube don ta hutar da mutane haɗawa da hannu: yana ba da mai kaɗan in ana tafiya a hankali, ya ƙara in an murɗa. Famfon nan da wuya ya lalace. Abin da ke lalacewa saitinsa ne da abin da ake zuba masa.

Tambayi kanki wane mai ake sa miki a ƙaramin tankin. In baƙin man inji ne, ko wanda ake aunawa a kwalba ba suna, ga hayaƙinki nan. Sai mai alamar 2T, wanda aka yi don injin da ke ƙone mai tare da fetur. Sannan a buɗe murfin famfon a duba: akwai alama a jikin ƴar ƙafar da waya ke ja, dole ta yi daidai da abokiyarta. In wayar ta ɗame ko ta maƙale, famfo zai yi ta ambaliya. Rashin gudun kuwa kusan na rantse salansa ce ta toshe da baƙin gawayin man da bai ƙone ba. A zare bututun cikinta a ƙona a kakkaɓe, a kankare bakin da hayaƙi ke fita daga silinda. Mate da yawa da aka ce sun tsufa da wannan kaɗai suke komowa.

In an gwada an tabbatar famfon ba ya turawa, kuma ba a sami wani ba, to a haɗa a tanki, amma da awo: mililita 20 zuwa 30 na 2T a kowace lita ta fetur. Ke da kike aikin asibiti sirinji ba zai gagare ki ba, ajiye ɗaya a ƙarƙashin sirdi. Sharaɗi biyu. A cire haƙorin da ke juya famfon, kada a bar shi yana juyawa a bushe, a kuma toshe ramin da tiyonsa ke shiga don kada inji ya zuƙi iska ta nan. Na biyu, duk wanda zai ari babur ɗin, ƙane ne ko ɗa, a gaya masa. Ranar da aka zuba fetur zalla aka hau kwalta, fiston zai kama tun ba a kai Gidan Rumji ba. Wannan ne ya sa nake cewa a bar famfo in yana aiki, shi ba ya mantuwa. Kada ki manta man giya daban yake a ƙasa, shi ma yana son juye.

TAMBAYA: Baba, ina ake samun kayan CG na asali yanzu? Duk abin da na saya kwali ya ce Japan, wata biyu ya mutu. Daga Tasawa.

AMSA: Kwali ba ya jin kunya, ɗana. Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 kayan Japan suka ninka kuɗi, ƴan kasuwa suka juya ga abin da ke fitowa ta Legas da Nnewi zuwa Kano, mu kuma muna tarbarsa a Jibiya ranar Lahadi. A ciki akwai mai kyau akwai na banza, kuma sau da yawa kwalinsu ɗaya.

Abin da ke cinyewa dama, kamar wayoyi, takalmin birki, sarƙa, gasket da faifan kuloci, na China mai daraja ta ɗaya ya wadatar. Ka ce wa mai shago ya fito da mai tsadar, yana da shi a ciki. Abin da ba a sake samun irinsa shi ne kafiretar Keihin ta asali, da kan inji, da magineto, da sandar tsakiya. Waɗannan gyara su ake yi, ba a musanyawa. Hanyar da ta fi ita ce ka sa ido wurin ƴan gwangwan, in mataccen CG ya faɗo ka saye shi sukutum ka ajiye a matsayin kanti. Rufe iyakar Nijar da Najeriya na 2019 da na 2023 sun koya mini ajiye buji, filatin da wayar kuloci a cikin akwati. Buji yawanci D8EA ne, amma gwada tsawon zarensa da na tsohon. Kuma kowace kasuwa za ka, tafi da tsohon ƙarfen a aljihu ka ɗora shi kan sabon. In inji sukutum ka saya, karɓi takardar ciniki mai lambarsa, lambar firam kuma kada kowa ya kai mata gurza ko walda, ita jandarma ke dubawa da takardunka.

TAMBAYA: Baba, ina so in yanke salansar CG ɗina ya riƙa ƙara kamar na tsere. Zai ƙara gudu? Daga wani ɗalibi a Ali Ɗan Tsoho.

AMSA: Ba zai ƙara ba. Jan da yake da shi a ƙaramin gudu ma raguwa zai yi, wuta ta yi masa yawa, bawul ɗin hayaƙi ya fara ƙonewa. Salansar asali ta CG ƙarfenta kauri gare shi, yau in ka nemi irinta sai ka sha yawo. Kuma a layinku akwai masu jego da tsofaffi masu barcin azahar. In ka riga ka yanke kafin wasiƙar nan ta iso ni, kada ka yar da guntun. Kawo su biyun gareji ranar Litinin bayan la'asar, maƙwabcina mai walda ne.